An tura maigida Jamus: me matar sojan Amurka za ta tarar a yankin Ramstein?

Hajiya Turai (mai kula da zaure): Assalamu alaikum. Tambaya ɗaya ce take ta shigo mini ta bayan fage, shi ya sa na fito da ita fili. Mace ce 'yar Najeriya ko Nijar ko Gana, tana auren sojan Amurka, an yi masa canjin wurin aiki zuwa yankin Kaiserslautern a Jamus, wato Ramstein, Landstuhl, Vogelweh, Sembach da ƙauyukan da ke kewaye. Me za ta fara yi, me ke jiran ta, ina mutane suka fi faɗa wa matsala? Masu sani ku yi bayani dalla-dalla. Kada kowa ya rubuta ranar tafiya ko sunan rundunar mijinsa a nan, kun san doka.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, sunanta ya fito a cikin odar mijin, wato takardar umarnin tura shi aiki. Gida, asibiti, makarantar yara, tikitin jirgi, katin mai, duk a jikin wannan takarda suke rataye. Kafin sunan ya shiga, sai an yi mata rajista a DEERS, rumbun sunayen iyalan soja, da takardar aure ta hukuma. Idan da Faransanci ko Larabci aka rubuta takardar, a haɗa da fassarar Turanci mai hatimi. Mace ɗaya kawai DEERS yake karɓa, dokar Amurka ba ta san ta biyu ba.

Sai binciken lafiya na EFMP. Ana duba fayil ɗin kowa a gidan don a ga ko akwai likitan da zai iya kula da shi a inda za a je. A nan mutanenmu suke kuskure: yaro yana da sikila ko asma, uwa ta yi shiru don kada a hana su tafiya. Jamus tana da ƙwararrun likitoci, sau da yawa ana amincewa. Amma in aka ɓoye, daga baya abin ya fito, ana iya mayar da iyali Amurka, miji ya ƙarasa wa'adinsa shi kaɗai. Wa'adin mai iyali a Jamus wata 36 ne, wanda ya je shi kaɗai 24.

Anti Rabi: Ƙarin bayani kan fasfo. Mai ɗan ƙasancin Amurka ana yi mata fasfo na musamman kyauta, a sa shaidar SOFA a ciki. SOFA ita ce yarjejeniyar NATO ta 1951, da ƙarin da aka yi wa Jamus a 1959, ita ce ta ba iyalan soja damar zama ba tare da izinin zama na Jamus ba. Mai koren fasfo, wato wadda ba 'yar Amurka ba, ba ta da wancan fasfon, da nata na gida za ta shiga, saboda haka a je ofishin fasfo na bariki tun ana Amurka a nemi shaidar SOFA kafin ranar tashi. Ma'aikacin kamfanin jirgi ba ruwansa da odar soja, idan bai ga biza ko wannan shaidar ba zai hana ta hawa. Kuma a duba shekarun da suka rage wa fasfon, a sabunta shi kafin a taso in ya kusa mutuwa.

Maman Ilham: To idan sunan bai fito a oda ba fa, Anti? Na ga wasu suna cewa mace ta sayi tikitinta ta bi shi kawai, daga baya a gyara.

Anti Rabi: Kada ta soma. Ba wanda zai biya kuɗin kayanta, inshorar lafiyarta ta koma wadda ake biya da aljihu sannan a nemi a mayar, ga maganar zama a ƙasar. Jiran wata biyu ko uku a Amurka ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Malam Sabo: Akwai kuma maganar girin kad, katin izinin zama na dindindin a Amurka, wadda take hana mata barci. Zaman da ta yi a waje tare da miji bisa oda ana lissafa shi kamar a Amurka ta yi shi, sashe na 319(e) na dokar shige da fice ya tanadi haka, katin ba zai lalace don ta daɗe a Jamus ba. Sashe na 319(b) kuma ya ba matar ɗan Amurka da aka tura aiki waje na aƙalla shekara ɗaya damar neman ɗan ƙasanci ba tare da jiran shekara uku ba, da fom N-400 da DD 1278 daga wajen aikin miji, sai dai ganawa da rantsuwa a cikin Amurka ake yin su. Mai katin wucin gadi na shekara biyu kada ta manta da I-751, fom ɗin cire sharaɗin katin, a cikin kwana 90 na ƙarshe. Wasiƙun hukumar suna bin tsohon adireshi idan ba a canza ba, nan ne ake makara.

Yaya Halima: Bari in shiga maganar kaya. Kashi uku ake raba su. Akwai ƙaramin kaya mai saurin isowa, akwai babban kayan gida da ke bin jirgin ruwa ya yi wata biyu ko fiye, akwai wanda gwamnati take ajiye muku a Amurka har ku dawo. A cikin ƙaramin ki sa tukwane biyu, muciya, zannuwan gado, tawul, rigunan sanyi, kayan makarantar yara, dardumar salla. Takardu kuwa, a jakar hannunki.

Wuta a Jamus 230 ce, a Amurka 120. Duba jikin kowane abu: in an rubuta 100-240V, kan soket kawai za ki canza. In 120V kaɗai aka rubuta, kina jonawa zai ƙone. Tiransifoma tana rage ƙarfin wuta amma ba ta canza bugunta daga 50 zuwa 60, shi ya sa agogon lantarki yake jinkiri, na'ura mai injin juyawa take zafi. Bilanda mai wat 600 tana son tiransifoma mai wat 1,000, a bar mata sarari. Kuma tiransifoma tana shan wuta ko ba a aiki da ita, a cire ta daga bango. Shawarata, abin da kike amfani da shi kullum, bilandar markaɗe, dutsen guga, butar shayi, ki sayi na 230 a hannun masu barin gari. Suna kaɗar da su da arha domin ba za su yi musu amfani a Amurka ba. Firji, injin wanki, na busarwa da kabad ɗin kaya ofishin kayan ɗaki yana ba da aronsu har ƙarshen zama. Gidajen Jamusawa ba su da kabad a jikin bango, kada ki yi mamaki.

Baban Sultan: Kan gida. Kuna sauka a masaukin baƙi, ana biyan kuɗin masauki kashi-kashi, yawanci bai wuce kwana 60 ba, kuma sai an nuna cewa ana neman gida da gaske. Kuɗin hayar waje, OHA, ba kamar na Amurka ba ne da idan ka kama gida mai araha ragowar taka ce. Nan abin da ke kan kwantiragi kaɗai ake biya, har zuwa iyakar muƙaminka. Kada a sa hannu a komai sai ofishin gidaje ya duba gidan ya amince, domin kwantiraginsu yana da sharaɗin tashi idan oda ta fito, na Jamusawa kuwa sanarwar wata uku yake nema. Kuɗin ajiya dokar Jamus ta kayyade shi, ba ya wuce hayar wata uku, kuma ana iya karɓar bashinsa daga albashi.

Ranar karɓar makulli a ɗauki hoton kowane tabo da lambar kowace mita. A tambayi da me ake ɗumama gidan. In man ɗumama ne, tankin lita dubu biyu ko uku ake cikawa a biya gaba ɗaya, wanda bai tara kuɗin wata-wata ba zai ji a jikinsa a watan Oktoba. Wuta da gas kuma ƙiyasi ake biya duk wata, ƙarshen shekara a karanta mita, in kun wuce ƙiyasi takardar cikon ɗaruruwan yuro ta iso.

Maman Ilham: Ni dai a ganina sabuwar zuwa ta zauna cikin bariki kawai. Komisari, kantin abincin bariki, kusa, makaranta kusa, kowa yana jin Turanci, ba ruwanta da mai gida Bajamushe.

Yaya Halima: Ban yarda gaba ɗaya ba, Maman Ilham. Yawancin gidajen ciki benaye ne masu matakala ɗaya, iyali shida ko takwas, ga layin jira. Mai girkin daddawa da man ja, ƙorafin maƙwabta yana kaiwa har wajen aikin miji. A ƙauye gida ya fi girma, akwai tsakar gida. Abin da zai raba gardama shi ne tuƙi. Wadda ba ta tuƙi, in aka kai ta ƙauyen da bas yake zuwa jefi-jefi, miji ya fita da motar tun asuba, ta zama fursuna. Irin wannan ta zauna ciki, ko cikin garin Kaiserslautern ko Landstuhl kusa da tashar jirgin ƙasa.

Baban Sultan: A wasu barikokin sojan ƙasa ma ƙananan muƙamai ba su da zaɓi idan akwai gida a ciki. Kuma a duba taswirar makarantun yaran soja na DoDEA kafin a zaɓi ƙauye, adireshi ne yake yanke makarantar da yaro zai je da bas ɗin da zai ɗauke shi.

Anti Rabi: Fumfuna. Kowa ya karanta wannan. Gidajen nan a toshe suke ruf, tururin girki da wanka da shanya ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta a bango mai sanyi ya yi baƙi, musamman bayan kabad da kusurwar taga. Maganinsa a buɗe tagogi warwar, minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, ko dusar ƙanƙara ake yi. Karkata taga a bar ta haka yini guda ba ya fitar da danshi, bangon kawai yake sanyayawa. Kada a kashe hita ɗungurungum a ɗakin da ba a kwana, a bar tazarar tafin hannu tsakanin kabad da bango, a goge raɓar gilashi da safe. Mu masu dafa wake da ganda na awa uku, a rufe ƙofar kicin a buɗe tagarsa. Idan fumfuna ta fito, mai gida zai ce rashin buɗe taga ne, daga kuɗin ajiyarku zai cire.

Malam Sabo: Tuƙi. Ana buƙatar lasisin sojan Amurka na Turai, jarrabawa tambaya 100, sai an ci 85. Ana iya yin darasin da jarrabawar ta intanet kafin a taso. Wadda ba ta da lasisin wata jiha ta Amurka ta yi ƙoƙari ta samu kafin tafiya, domin makarantar tuƙi a Jamus takan haura yuro 3,000. Dokar da ta fi kayar da baƙi: a mararrabar da ba alama, na hannun dama ne da hanya, ko da layinsa ƙarami ne. Cikin gari 50, bayan gari 100, kyamarori kuma ba sa barci. Tayar hunturu sai mai tambarin dutse da ƙanƙara, ana sa ta daga Oktoba zuwa Ista. Mota ɗaya gwamnati take ɗauko muku, tankinta kada ya wuce kwata ranar miƙawa. Babbar mota irin ta Amurka wahala ce a lungunan ƙauye da wuraren fakin.

Katin mai na rangwame a gidajen man bariki da na Esso cikin Jamus kawai yake aiki, kowace mota da nata, da adadin litar da aka yanke mata a wata. In aka wuce adadin, ko kuɗin katin bai kai ba, farashin Jamusawa za a biya.

Hajiya Turai: A yi mana bayanin takardar cire haraji, ana yawan tambaya.

Yaya Halima: Harajin saye a Jamus kashi 19 ne, abinci kashi 7. Ana sayen fom a ofishin VAT na bariki. NF-1 na sayayyar da ba ta kai yuro 2,500 ba, NF-2 na abin da ya kai ko ya haura, shi kuma sai an kai takardar farashi an karɓo shi kafin a yi odar kayan. Kuskure uku: a yi oda sannan a je neman fom, a raba sayayya ɗaya gida biyu don a kauce wa NF-2, a ƙi mayar da kwafin ofis bayan amfani. Kowanne yana iya sa a rufe muku asusu. Ɗan kasuwa ba dole ba ne ya karɓa, a tambaya kafin a cika kwando. Wuta da gas da ruwa suna da nasu tsarin, UTAP, a yi rajistarsa da zarar an kama gida.

Maman Ilham: Sana'a fa? Mace ba za ta zauna shekara uku hannu rabbana ba. Kitso, lalle, ɗinki, sayar da dambun nama da cincin, duk akwai masu so.

Baban Sultan: Akwai masu so, akwai kuma hukumar kwastan. Sana'ar cikin gida sai da izinin kwamandan bariki, sannan rajista da ofishin harajin Jamus. Ba a yin ta da fulawa da sukarin komisari, ba a kai kaya da motar da ke shan man rangwame, ba a shigo da gashin kitso ko atamfar sayarwa ta akwatin gidan wayar soja. Duk waɗannan an cire musu haraji ne don amfanin gida. Kofi, taba da barasa ma da katin rabo ake sayen su. Wadda aka kama, ana iya karɓe mata damar sayayya, a kira miji gaban kwamanda. Aiki daga gida ga kamfanin Amurka shi ma yana iya jawo harajin Jamus, a tambayi ofishin lauyoyin bariki, kyauta ne.

Aikin gwamnatin Amurka na GS sai 'yar ƙasa, ta shafin USAJOBS, kuma akwai fifikon matan soja. Inda aka fi samun gurbi shi ne gidan renon yara da kantuna. Mai son karatu ta duba MyCAA, tallafi har dala 4,000 ga matan soja, gwargwadon muƙamin miji.

Anti Rabi: Kan abinci, nama na halal yana shagunan Turkawa da Larabawa a cikin Kaiserslautern, doya da man ja da kuɓewa a shagunan Afirka. A kanti ki koyi kalma huɗu: Schwein (alade), Speck (naman alade mai kitse), Schmalz (kitse, yawanci na alade), Gelatine (jelatin). Alewar yara mai danƙo yawanci da jelatin ɗin alade ake yin ta. Kilishi, man shanu da duk wani nama ko nono daga wajen Tarayyar Turai an hana shigo da su, a filin jirgin Frankfurt ƙwacewa ake yi har da tara. Kuka, yaji da busasshiyar kuɓewa sun fi sauƙin wucewa. Yanka rago a bayan gida laifi ne, layya sai ta mahauta mai lasisi ko a aika kuɗi gida.

Lahadi kantuna a rufe suke, sai na bariki. Daga goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne, Lahadi kuma yini guda: ba yankan ciyawa, ba jefa kwalabe a akwatin gilashi, turmi ma a haƙura. Shara kashi-kashi, leda da gwangwani a jakar rawaya, takarda daban, ɓawon abinci daban, in aka cakuɗa masu kwasa su bar miki abinki. Robar ruwa mai tambarin Pfand santi 25 ce, a mayar da ita injin kanti. Share ƙanƙarar gaban gida yawanci yana kan ɗan haya, wani ya zame ya karye ku za a nema, don haka inshorar Haftpflicht, mai biyan diyya in kun jawo wa wani asara, mai araha ce amma tana da muhimmanci ƙwarai. In wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin ta zo, masu SOFA ba sa biya, amma a amsa ta, kada a jefar.

Hajiya Turai: Haihuwa da zuwan kaka don jego.

Yaya Halima: Wadda ke kan oda tana cikin Tricare Prime na ƙasashen waje, inshorar lafiyar iyalan soja. Ana haihuwa a Landstuhl, asibitin sojan Amurka mafi girma a wajen ƙasar, ko a tura mace asibitin Jamusawa da takardar izini, akwai jami'an da ke yin tafinta tsakani. Gaggawa 112. Haihuwa a Jamus ba ta mai da jaririn soja Bajamushe. Jerin takardunsa: shaidar haihuwa daga Standesamt wato ofishin rajistar haihuwa na Jamus, rajistar DEERS cikin kwana 120, CRBA wato shaidar ɗan Amurka da aka haifa a waje, fasfo, lambar soshiyal (Social Security) ta Amurka, SOFA, sannan a sa shi cikin oda. Ana sanar da haihuwa cikin mako ɗaya, amma dokar Jamus ta ba da wata guda a kai suna, don haka ba sai an karya al'adar ranar bakwai ba. Kaciya ba al'adar asibitocin Jamusawa ba ce, a yi maganarta da likita tun ana awo.

Kaka kuwa baƙuwa ce kawai: bizar Schengen, kwana 90 cikin 180, da inshorar tafiya ta aƙalla yuro 30,000. SOFA ba ta rufe ta ba, Tricare ma haka, shiga bariki sai an sa mata hannu a ƙofa. A nemi ranar ganawar biza tun ciki yana wata huɗu.

Malam Sabo: Idan za a tura miji wani wuri na watanni, kafin ya tafi su je ofishin lauyoyi a yi mata takardar wakilci. Ta gama-gari ba ko'ina ake karɓa ba, rajistar mota, ofishin kuɗi da na gidaje sukan nemi ta musamman. Sunanta ya shiga asusun bankin da ke da IBAN, domin haya da wuta ta nan suke fita, ya shiga takardar mota da katin mai. In an yi rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani, saƙon gaggawa ta Red Cross ake aika wa kwamandansa.

Anti Rabi: A faɗi wanda ba a son faɗa. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, ta faɗi wajen huɗu da rabi. Mace tana ɗaki ita kaɗai, ba dangi, ba maƙwabciyar da za ta leƙo. Ta sa likita ya auna mata bitamin D, masu baƙar fata sun fi rasa shi a nan. Masu ba da shawara na MFLC kyauta ne, ba sa buɗe fayil, sai dai in akwai barazanar cutarwa. Abin da aka faɗa wa limamin soja, na kowane addini, sirri ne. Idan kuma akwai duka a gidan, ofishin Family Advocacy yana da hanyar kai rahoto a rufe, a ba ta magani da shawara ba tare da an sanar da kwamanda ba. Akwai kuma tsarin mayar da iyali Amurka kafin wa'adi a kuɗin gwamnati. Zamanta a Jamus a kan auren yake tsaye, saki yana yanke SOFA, saboda haka fasfonta, girin kad ɗinta, katin shaidarta na soja da kwafin oda su zauna a hannunta, ba a jakar miji ba.

Maman Ilham: Allah ya saka, Anti. Wadda ta sauka makon nan kuma kayanta suna kan ruwa, ina za ta sami tukunya?

Yaya Halima: ACS, ofishin hidimar iyalan soja, idan sojan ƙasa ne, cibiyar iyali ta Ramstein idan na sama ne. Suna da ɗakin aro: tukwane, faranti, dutsen guga, gadon jariri. Ta je da katin shaidarta da kwafin oda. A nan ɗin kuma ta rubuta sunanta a zagayen sababbin zuwa da ajin Jamusanci, ta sa yaranta a layin gidan reno tun yau, domin layin yana da tsawo.